Kafin Ka Ɗauki Gora

Ɗana, jiya bayan la'asar mahaifiyarka ta zo gidana. Ko zama ba ta gama yi ba ta fara share ido da bakin mayafi. Ta ce mai shela ya zaga gari da lasifika, wai ana neman samarin da za su ba da sunansu a aikin banga, kuma ta ji a bakin ƙannenka cewa kai ma za ka je. Ta ce in hana ka, tunda ni ne kawunka, kuma kana jin maganata.

Na sa aka kawo mata ruwa ta sha. Na ce ta bar ni da kai. Amma ban yi mata alkawarin hana ka ba, domin ba zan hana ka ba. Gari naka ne. A nan aka binne cibiyarka, a nan gonarka take, a nan matarka da 'yarka suke kwana. Namijin da ya ce zai hana idonsa barci dare biyu a mako domin maƙwabta su samu nasu barcin, bai yi abin faɗa ba. Allah ya yi maka albarka. Sai dai akwai 'yan maganganu da nake so ka ji tukuna, kuma ka san tsoho ba ya gajarta zance. Ka yi haƙuri da ni.

Mahaifiyarka ta ce, "Yaya, ai yanzu lafiya lau muke, an kwana biyu ba a ji ko ƙarar bindiga a unguwarmu ba, me ya kai shi?" Ni kuwa abin da ya fi kwanta mini a rai ke nan. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka tuna ranar Alhamis 17 ga Yunin 2021, da aka shiga kwalejin gwamnatin tarayya ta Birnin Yauri da rana kata, aka kwashi ɗalibai da malamai. Birnin Yauri ba wata uwa duniya ba ce, nan ce ƙasar Ngaski, masarautarmu ɗaya, sarkinmu ɗaya. Sai a 2023 'yan matan ƙarshe suka dawo hannun iyayensu. Washegarin ranar da aka kwashe su, kowa a nan Shanga ya tashi yana tambayar wa ke gadin garinmu. Tambayar ta zo a makare. Daga tungayenmu na bakin ruwa, kafin labari ya kai ga hukuma, kafin mota ta keto laka ta iso idan damina ce, mai aukuwa ta auku. Wannan ba zagin kowa ba ne. Ƙasar ce da faɗi, ma'aikatan kuma ba su da yawa.

Dā can ba haka abin yake ba. A zamanin kakanka, dogarin sarki guda ɗaya da jar rigarsa ya isa ya taho da mutum daga ƙauye, ba ko igiya. Akwai 'yan dokar En'e, waɗanda suka san kowa da ubansa. A zamanin Gowon aka narkar da su cikin 'yan sandan tarayya, kusan lokacin da aka gama madatsar Kainji a 1968, ruwa ya hau, aka tashi mutanen gungu da dama aka sake musu matsuguni. Ina yaro a lokacin. Tun daga nan gari ke girma, baƙi na ƙaruwa, masu gadi na nisa. Shi ya sa mutane suka koma wa abin da suka sani, wato gayya. Yadda ake taruwa a nome gonar mutum ɗaya, haka ake taruwa a tsare barcin gari. Asalin banga ke nan, ba wani abu ba.

To, masu ɗaukar gora iri biyu ne, ɗana. Akwai wanda ya ɗauka da hantsi bayan ya karya kumallo, ya je zauren hakimi, aka rubuta sunansa da na ubansa, wani dattijo ya tsaya masa. Akwai kuma wanda ya ɗauka a hanyarsa ta dawowa daga maƙabarta, ƙasar kabarin ɗan'uwansa ba ta ko bushe a hannunsa ba. Wallahi ba na ganin baƙin na biyun. Wanda bai taɓa ɗaukar gawar nasa da aka harbe ba, kada ya yi saurin magana. Amma idonsa a rufe yake. Ba wanda ya kashe masa ɗan'uwa yake nema ba, duk mai kama da shi yake nema. Kuma mai kama da shi, sau da yawa, wani bawan Allah ne da ya kawo nono ko tunkiya kasuwa.

Ka ji abin da ya faru a jihar Sakkwato cikin Oktoban 2021. 'Yan sa-kai suka shiga kasuwar Mamande ta ƙasar Gwadabawa suka kashe Fulani goma sha ɗaya. Ba a yi mako biyu ba 'yan bindiga suka dira kasuwar Goronyo ana tsakiyar ciniki, suka kashe fiye da mutum arba'in. Waɗanda suka mutu a Goronyo ba su je Mamande ba. Masu tallar albasa ne da hatsi, da waɗanda suka zo sayen cefane. Daga baya gwamnatin jihar ta haramta ƙungiyar sa-kai ɗin ma gaba ɗaya. Ga shi an tashi tsare gari, an jawo wa wani gari makoki. Shi ya sa nake murna da cewa yanzu kake son shiga, zuciyarka a sanyaye, ba ka bin kowa jini.

Kada ka ɗauka ina faɗa maka wannan ne don ni wankakke ne. Bari in ba ka labarin da ko mahaifiyarka ba ta san shi duka ba.

Shekaru wajen arba'in ke nan, muna cikin jihar Sakkwato, tun ba a yanke mana Kebbi a 1991 ba. Satar lokacin ba irin ta yanzu ba ce. Akuya ce, buhun albasa ne, koma ce da aka shanya, sai kuwa injin jirgin ruwa, wanda shi ne babbar dukiyar masunci. Mu shida ne a rukuninmu. Kowa da gorarsa, da tocila mai batir uku, da usur a wuya. Cikin hunturu ne, hazo ya kwanta a kan kogi, sanyi na shiga har ƙashi. A wannan makon an sace injuna biyu, masu su sun zo sun yi mana gori a gaban jama'a, sun ce barci muke yi. Gorin nan yana cin mu.

Wajen ƙarfe biyu na dare muka ji tafiya daga bakin ruwa. Muka haska. Mutum ne da injin jirgi a kafaɗa. Da hasken ya dake shi sai ya yar da injin ya zura da gudu. Mu kuwa gudun nan ya ishe mu shaida. Muka bi shi, muka cim masa a bayan wani rumbu. Yana ta magana, Hausarsa ba ta fita sosai, rabi duk Gunganci ne, mu kuma ba mai saurare. Na ɗaga gora na sauke masa a gefen kai. Sau ɗaya tak. Har yau ina jin yadda ta girgiza a tafin hannuna.

Da gari ya waye aka kai shi gaban mai gari, aka aika bakin ruwa. Manyan masunta suka zo suka shaida injinsa ne, da kuɗinsa ya saya. Mutuwa ya yi masa a tsakiyar ruwa, ya yi ta tuƙi da filafili har dare ya raba, yana so ya kama motar asuba ya kai shi Yelwa wurin mai gyara. Aka ce to me ya sa ka gudu? Ya ce ya ɗauka mu ne ɓarayin.

Kunnensa na hagu bai ƙara ji ba. Muka haɗa kuɗin magani, ya karɓa da ƙyar, ya ce Allah ya yafe mana baki ɗaya. Na yi shekara ashirin ina sayen kifi a wurinsa. Duk sanda na taya, sai ya karkato kai ya juyo mini da kunnen dama. Bai taɓa tayar da zancen ba, har gyara yake ƙara mini. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya rasu, na bi gawarsa. Amma har gobe in na ga mutum ya karkata kai don ya ji magana, sai gabana ya faɗi.

Don haka ka riƙe wannan da kyau. Hannunka na kamawa ne, ba na hukunci ba. In kun kama mutum, ku zaunar da shi, ku ba shi ruwa, ku ji ta bakinsa, in ba ku jin harshensa ku nemo mai ji. Gari na wayewa ku miƙa shi ga mai gari da 'yan sanda, lafiyarsa ƙalau kamar yadda kuka same shi. Na san abin da za ka ce. Za ka ce Kawu, ai in an kai shi, jibi za ka gan shi a kasuwa yana yi maka dariya. Hakan na faruwa, na gani da idona, kuma yana da ciwo. To amma ɓarawon da aka saki ana iya sake kama shi. Kunnen mutumin nan fa, wa zai mayar masa?

Sai maganar ciki, wadda ita ce ba a cika faɗa ba. A Katsina, cikin Oktoban 2023, Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma. A Zamfara ma, cikin Janairun 2024, Gwamna Dauda Lawal ya fito da Askarawa. Waɗannan an ba su horo, an ba su kaki da motoci da babura, gwamnati ce ke ɗauke da su. Abin da kake shirin shiga ba shi ba ne. Kai ɗan karo-karon da gidaje ke bayarwa ne zai sayi batir da man babur da shayin dare, wani watan ma ba zai isa ba. In ka shiga da tunanin nan ne abincinka, ka riga ka ɓata tun ba ka fara ba.

Na ga yadda abin ke somawa. Ranar kasuwa ce, an gitta itace a hanya don a duba masu shigowa. Wani direba ya miƙo naira ɗari ya ce a sha ruwa. Ba roƙa aka yi ba, shi ya bayar. Mako mai zuwa kuma ya bayar. Mako na uku bai bayar ba, sai aka ga an daɗe ana binciken motarsa. Shi ke nan, itacen nan ya tashi daga tsaro ya koma gona. Yaron da ke noma albasarsa a fadama ya ga abin da ake samu a bakin hanya ya fi saurin zuwa, sai ya bar fadama ta bushe. Daga ranar da cikinsa ya koma kan tsoron mutane, ba zai ƙara son tsoron ya ƙare ba. Ba mugu ba ne, ɗana. Yunwa ce da sabo.

Kuma ka ga inda irin wannan ke kaiwa idan ta girma. Lakurawan nan da ake ta magana, a ƙasashen Gudu da Tangaza ta Sakkwato da farko da sunan masu taimako suka zauna, masu korar ɓarayin shanu. Mutane sun gaji, suka yi marhabin da su. Da suka zauna daram sai suka fara karɓar shanu da sunan zakka, suna kafa wa masu gari doka. Garin da ya ba da gadinsa ga wanda ba ya noma a cikinsa, ya ba da fiye da gadi. Saboda haka nake so ka zama manomin da ke gadi, kada ka zama mai gadin da ya taɓa noma. Dare biyu a mako ya isa. Ranar da ba taka ba ce, ka kwana a ɗakinka. Lokacin dashen albasa ko yankan shinkafa, ka je ka faɗa wa shugabanku a sauya maka kwana, ba abin kunya ba ne. Kakin ma, in an ba ka, ka tuɓe shi in gari ya waye. Kada ka je zance ko ɗaurin aure da shi, kada ka je bin bashi da shi.

Yanzu bari in taɓo abin da ke sa mahaifiyarka kuka. A watan Maris na 2022, a ƙasar Sakaba ta masarautar Zuru, 'yan sa-kai suka haɗu daga garuruwa da dama za su bi 'yan bindiga har inda suke. Labari ya riga su isa. 'Yan bindigar suka ɓoye babura a cikin sarƙaƙiya, suka bar su suka shigo tsakiya, suka buɗe musu wuta ta kowane gefe. Fiye da mutum sittin suka kwanta a rana ɗaya. Jarumai ne, ba mai musun wannan, Allah ya jiƙansu. A Mera ta ƙasar Augie ma, cikin Nuwamban 2024, mutanen gari suka bi sawun shanunsu da aka kora, aka kashe goma sha biyar. Ka auna da kanka. Kai kana riƙe da harba-ka-ruga, wadda in ka harba sau ɗaya sai ka tsaya ɗura wani, shi kuwa yana riƙe da wadda ke zubo harsashi talatin kafin ka ɗaga kai. Shiga daji aikin soja ne. In sojoji sun nemi mai nuna hanya, wannan daban, shugabanninku za su zaɓa. Amma ranar da jini ya hau, wani ya miƙe ya ce duk wanda ya haifu cikin uwarsa da ubansa ya biyo ni, ka tuna kai ma ka haifi wata, kuma tana jiran ka.

Za a kawo maka layu da guraye da rubutun sha, a ce ƙarfe ba zai ci ka ba. Ni ba zan yi gardama da kowa a kan wannan ba, na girma cikin 'yan tauri, na ga abin mamaki. Abin da zan ce kawai, na taɓa taya wankan gawa, sai da muka yanke layu da wuƙa kafin mu kai ga jikin. Ka yi addu'arka, ka yi alwala kafin ka fita, sannan ka nemi bango ka laɓe kamar kowa. Ƙwayar da wasu ke haɗiya wai don kada su ji barci ko tsoro, kada ka kusance ta. Tsoron nan da kake ji rahama ne, shi ke sa ka duba kafin ka taka.

Ka lura da abin da ya ci mutanen Sakaba tun kafin harsashi: baki ne. Wani ya ji, ya faɗa wa wani. Infoma ba ƙaho gare shi ba, a majalisa yake zama, a teburin mai shayi yake karyawa. Wani ma bai san shi infoma ba ne, surutu ne kawai ya yi masa yawa. Inda za ku tsaya da daren da za ku fita, ko matarka kada ta sani dalla-dalla, ba don ba ka yarda da ita ba, sai don kada ka ɗora mata kayan da ba nata ba. Hoton nan da kuke ɗauka da bindiga a kafaɗa kuna sawa a Facebook, wa kuke nuna wa? Kifi na ganinka, mai jar koma.

Aikin na gaskiya ba shi da daɗin labari. Zama ne cikin sauro da raɓa, kana sauraren haushin karnuka, kana rarrabe na kura da na baƙo. Sanin mutane ne. Mai jirgin da ke fito ya san wanda ya ƙetare da dare da babura uku. Mai sayar da fetur ya san wanda ya zo da jarkoki goma alhali ba shi da injin ban-ruwa. Mai burodi ya san wanda ya kwashe masa kaya kaf bai ko taya ba. In kuna mutunta waɗannan mutane, su za su riƙa kawo muku labari har gida, ku kuma ku kai inda ya dace tun abu bai zama abu ba. In kuwa kuna zare musu ido, za su kame bakinsu, ku yi ta yawo da tocila a banza. Karen bana shi ke maganin zomon bana, na yarda, kun fi mu waya da babur. Amma wannan ɗaya ba ta sauya ba tun zamaninmu.

Kuma in an zauna rubuta sunaye, ka duba littafin. Ƙasar nan ta Shangawa ce da Gungawa da Dukkawa da Kambari da Hausawa da Fulani, da mai zuwa masallaci da mai zuwa coci. In ka ga duk sunayen na unguwa ɗaya ne, ka ɗaga hannu cikin ladabi ka tambaya ko an aika wa Arɗo, ko an aika tungayen bakin ruwa. Bafulatanin da ke ruga a bayan gari shi ake fara kore wa shanu, kuma shi ya fi ku sanin kowace burtali. In yana cikinku, ranar da aka kama wani yaro makiyayi akwai mai cewa ku dakata, na san ubansa. Da a ce a daren nan akwai Bagunge ɗaya a cikinmu mu shida, da mutumin nan ya mutu da kunnuwansa biyu.

Sai matarka. Ka zaunar da ita ka yi mata bayani da bakinka, kada ta ji a wurin maƙwabta. Ka faɗa mata wanda kake bi da wanda ke bin ka, ka rubuta a takarda. Ba fatan tsiya nake yi maka ba, ko tafiya Kwantagora za ka yi haka ya kamata.

An ce ana son kowane yaro ya zo da dattijon da zai tsaya masa. Ni zan tsaya maka. Ka san ma'anar wannan: duk wanda ka mara, fuskata ka mara, kuma ƙofata za a ƙwanƙwasa. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko, mu tafi zauren hakimi tare, ka taho da hotunanka. Amma kafin nan ka je wurin mahaifiyarka yau da daddare, ka durƙusa, ka bar ta ta faɗi duk abin da ke ranta, kada ka katse ta. In ta gama ka roƙi albarkarta. In ba ta bayar a yau ba, ka koma gobe, littafin ba gudu zai yi ba. Tsohuwar tocilata tana nan rataye a bayan ƙofa, ka sayo batir.